Freedom Radio: Gidan da ya buɗe wa mai sauraro baki

Duk yaron da ya taso a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura cikin shekara ashirin da suka wuce zai ɗauka cewa haka rediyo yake tun fil azal. Mai gabatar da shiri ya karanto lambar waya, wani ya kira daga ƙauye ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na garinsu, sannan ya ce famfon burtsatsen unguwarsu ya lalace wata uku ke nan kuma ko kansila bai leƙo ba. Kafin ya ajiye waya dubban mutane sun ji shi, har da shi kansilan.

To ku tambayi iyayenku. A zamaninsu rediyo ke magana, mutane na saurare. Wanda ke da abin faɗa sai ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, ya rubuta wasiƙa ya kai gidan waya, ya zauna jiran makonni ko za a karanta. Idan an karanta ɗin ma, galibi gaisuwa ce a filin Zaɓi Sonka: yana gaida wane a Daura, yana gaida wance a Ɗambatta, a sa musu waƙar Shata. Ƙorafi a kan hukuma kuwa ba kasafai yake tsallake teburin mai tace wasiƙu ba.

A wannan yanki namu, gidan da aka fi danganta sauyin da shi shi ne Freedom Radio da ke Sharaɗa a birnin Kano, wanda ke watsa shirye-shiryensa a kan mita 99.5 a zangon FM, kuma yake kiran kansa Muryar Jama'a.

Kafin zuwansa

Rediyo ya daɗe a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani akwati da ake jona masa waya daga ofis zuwa gidaje da bakin kasuwa a Kano. Babu mabuɗin canza tasha a jikinsa, abin da aka turo shi za ka ji. Daga wannan tushe ne Rediyon Kano ya samo asali, gidan da har yau ake kira Gidan Bello Ɗandago. A 1957 BBC ta fara watsa shirye-shirye da Hausa daga Landan. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa nata gidan a Kaduna, wanda ya zama Rediyon Kaduna da kakanninmu ke ji har cikin gona, gidan su Samanja Mazan Fama da Jakar Magori. Muryar Jamus ta shigo da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Ku lura da abu ɗaya da ya haɗa waɗannan gidaje: kowannensu na wata hukuma ne, ko ta gida ko ta waje. Doka ba ta yarda wani ɗan kasuwa ya kafa gidan rediyo a Najeriya ba. Shi ya sa idan aka yi juyin mulki, wurin da sojoji ke fara kamawa shi ne gidan rediyo, don wanda ya riƙe shi ya riƙe kunnen ƙasa. Shi ya sa kuma mutanenmu suka saba da wani abu mai kama da almara: abu ya faru a Kano da rana, sai an jira dare a ji gaskiyarsa daga Landan.

A 1992 gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Doka ta 38, wadda ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma ba ta ikon bai wa 'yan kasuwa lasisi. Raypower ta Raymond Dokpesi ce ta fara cin moriyar wannan a Legas a 1994. Maƙwabtanmu na Nijar ma a tsakiyar shekarun 1990 suka samu gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, wadda ta yi rassa har Damagaram da Maraɗi. Amma gidan rediyon kasuwa mallakar 'yan Arewa, mai magana da Hausar kasuwar Kurmi, sai da aka jira kusan shekara goma kafin ya bayyana a Kano.

Disambar 2003

A watan Disambar 2003 Freedom Radio ta fara aiki. Wani abin da ɗalibin Jigawa ya kamata ya sani shi ne, duk da a Kano aka dasa gidan, saiwarsa a Dutse take. Manyan da suka tsaya a kansa sun haɗa da marigayi Air Vice Marshal Mukhtar Muhammad, Wazirin Dutse, tsohon gwamnan soja na Jihar Kaduna, wanda ya shugabanci hukumar gudanarwar gidan har rasuwarsa a 2017, da kuma Alhaji Bashir Dalhatu, lauya kuma tsohon minista, wanda ya gaje shi a sarautar Waziri. Daga baya gidan ya buɗe tasha a Dutse da Kaduna, ya kuma haifi ƙanwa a Kano mai suna Dala FM.

Lokacin da gidan ya zo shi ne rabin labarin. Mulkin farar hula ya dawo a 1999, bakin mutane ya fara buɗewa bayan shekarun soja. A zaɓen 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, abin da ya sa Kano ta cika da zancen siyasa a kowace majalisa da teburin mai shayi. Ga mutane cike da magana, ga shi babu inda za su sauke ta.

Sai kuma wayar salula. A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Najeriya. Da farko abin na masu hannu da shuni ne, domin kuɗin layi kaɗai ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma ko gaisuwa ka yi ka kashe sai an caje ka kuɗin minti guda cur. A 2003 Glo ta shigo da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi, farashi ya fara sauka. Aka fara ganin 'yan lema a bakin titi da tebur da waya, ka biya ka kira. Wato a shekarar da talaka ya fara samun hanyar kira, a shekarar aka buɗe gidan da zai ɗaga kiran nasa. Da ɗaya ya zo babu ɗaya, da ba mu ga abin da muka gani ba.

Ba a nan aka fara irin wannan rediyo ba. A Amurka da Ostareliya an daɗe da gidajen da jarinsu kacokan shi ne muryar mai kira. A Ostareliya sai a 1967 doka ta halatta sa muryar mai kiran waya kai-tsaye a iska, saboda hukumomi a can ma suna fargabar abin da zai fito daga bakin mutumin da ba a san shi ba. A gida kuma Rediyon Kaduna na da Hannu Da Yawa, BBC na da Ra'ayi Riga. Bambancin Freedom shi ne kusanci. Zancen ya sauko daga Abuja da Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo kan kwatar da ta toshe a Fagge, da malaman firamare da ba a biya ba, da takin gwamnati da ya ɓace tsakanin sakatariya da manomi.

Daga asuba zuwa dare

Wanda ke son gane gidan rediyo, ya dubi sunayen shirye-shiryensa. Na Freedom kusan duk daga bakin mutane aka ɗebo su. Da safe akwai An Tashi Lafiya, wato labaran da aka kwana da su. Rana ta ɗan ɗaga sai Barka da Hantsi, inda ake zaunar da baƙo, likita ne ko malamin jami'a ko jami'in gwamnati, a tattauna wani batu, a ba masu sauraro dama su sa baki ta kira ko saƙon tes. Da yamma akwai Mu Leƙa Mu Gano da Duniyar Mu A Yau. Tsakanin waɗannan akwai karatun malamai, da shirye-shiryen mata da na lafiya da na wasanni, da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da cigiyar yaron da ya ɓata.

Amma biyu ne suka fi yi wa gidan suna, kuma duka biyun da dare ake yin su, lokacin da aka idar da sallar Isha'i, aka ci tuwo, majalisa ta haɗu.

Na farko shi ne Kowane Gauta. Sunan guntun karin magana ne: kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba. Fili ne na siyasa inda ake jera muryoyin 'yan jam'iyyu daban-daban, kowa ya yabi gwaninsa ya soki na wani. A irin wannan fili ne aka samu wata sabuwar sana'a da Kano ta yi fice a kanta, wato sojojin baka. Sojan baka mutum ne da makaminsa harshe. Bai riƙe da muƙami, sau da yawa ma bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya iya habaici da zambo da karin magana, ya san inda zai taɓa abokin hamayyar ubangidansa ya ji zafi. Wasu daga cikinsu sun fi kwamishinoni suna. Maganar gaskiya, wanda ke son jin Hausa mai gishiri zai same ta a bakinsu, kuma malamin Hausa zai iya cika allo da salon maganar da ke fitowa a dare ɗaya. Sai dai gishirin kan yi yawa, a wayi gari an bar batun hanya da asibiti an koma tonon asiri da zagin iyaye.

Na biyu shi ne In Da Ranka, daga karin maganar nan in da ranka ka sha kallo. Shi kuma na al'amuran yau da kullum ne: rigimar gado, ɗan damfarar da aka kama, matar da aka sallama daga asibiti ba a duba ta ba, unguwar da ta yi wata shida babu wuta amma takardar biyan kuɗi na zuwa. Nasiru Salisu Zango na cikin muryoyin da aka daɗe ana dangantawa da shirin. Abin da ya sa mutane suka riƙe shi shi ne tsarin aikinsa. Ana ɗauko muryar mai ƙorafi, sannan wakili ya tafi neman wanda ake ƙorafi a kansa, a ji ta bakinsa. Idan ya ƙi magana, a faɗa wa duniya cewa an neme shi ya ƙi. Wannan jumla ƙarama ce, amma jami'ai da yawa sun fi tsoronta a kan takardar sammaci. Har ta kai a Kano da kewaye idan an zalunci mutum yakan ce zai kai ƙara Freedom, kamar yadda a da ake cewa za a kai ƙara gidan mai unguwa.

A nan akwai abin dubawa. Gidan rediyo ba kotu ba ne, ba shi da alƙali, ba a rantsar da shaida, ba a ɗaukaka ƙara. Idan jama'a suka fi amincewa da makirufo a kan ofishin da aka kafa don ya share musu hawaye, wannan yabo ne ga gidan rediyon, amma tuhuma ce ga ofishin.

Wa ke biyan kuɗin man janareta?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙa yi yayin da yake sauraro, kuma ba a cika yin ta ba.

Rediyon gwamnati na da kaso a kasafin kuɗi. Rediyon kasuwa ba shi da kowa sai kansa. Na'urar watsa shiri tana shan wuta dare da rana, a ƙasar da wutar ba ta tsayawa, don haka janareta da man dizal su ne babban ciwon kai. Ga albashin ma'aikata, ga motocin wakilai, ga kuɗin lasisi da ake sabuntawa a wurin NBC duk shekara biyar. Nauyin ba wasa ba ne. A watan Agustan 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 na rediyo da talabijin a faɗin ƙasar nan saboda bashin da ya haura Naira biliyan biyu da rabi, kafin a shiga tsakani.

Kai mai sauraro ba ka biyan ko kwabo. To me gidan ke sayarwa? Lokaci yake sayarwa, kuma abin da ke sa lokacin ya yi daraja shi ne kunnenka. Mai shagon atamfa a Kantin Kwari, da makarantar kuɗi, da kamfanin waya, da mai maganin gargajiya, da ɗan takara, kowa na sayen minti ɗaya ko rabin sa'a don ya isa gare ka. Minti ɗaya da dare lokacin da majalisu suka cika ya fi na tsakar rana tsada. Shi ya sa kiran wayarka yake da amfani ga gidan ta fuska biyu: ya cika shiri, ya kuma nuna wa mai talla cewa har Gwiwa ana ji.

Babu laifi a cikin wannan, kasuwa ce kamar kowace. Wannan kuɗin ne ma ya ba gidan damar faɗin abin da rediyon gwamnati ba zai faɗa ba, tunda gwamna ba zai iya tsayar masa da albashi ba. Matsalar tana tasowa ne idan mai sauraro ya kasa bambance abu uku da ke fitowa daga akwati guda: labari, wanda wakili ya je ya gani edita ya tace, ra'ayi, wanda na mai shi ne, da filin da aka saya, wanda mai kuɗi ke faɗin abin da ya ga dama gwargwadon abin da doka ta bari. A gidajen rediyon kasuwa da yawa, filayen siyasa na cikin kashi na uku. Idan ka ji an ce wane ne ya ɗauki nauyin kawo muku wannan shiri, ko aka ce ra'ayoyin da za ku ji ba na wannan tasha ba ne, to an gaya maka a fakaice cewa ka riƙe hankalinka. Haka idan ka ji mai magani na lissafa cuta goma sha biyu da kwalba ɗaya ke warkarwa. Wanda ya ce ai a rediyo na ji, a tambaye shi: a wane fili?

Magana zarar bunu

Shekara biyu da 'yan watanni da buɗe gidan, ya gamu da jarrabawarsa ta farko. A farkon 2006 ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan yunƙurin gyara tsarin mulki don bai wa Shugaba Olusegun Obasanjo damar yin wa'adi na uku, abin da mutane suka raɗa wa suna tazarce. Layukan Freedom suka cika da masu suka. A watan Maris na shekarar NBC ta zargi gidan da karya ƙa'idojin watsa labarai, ta hana shi shirye-shiryen siyasa, ta umarce shi ya riƙa rufewa daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, ta kuma ci shi tarar Naira 200,000. Ku dubi sa'o'in da aka zaɓa: daidai lokacin da aka fi sauraro, kuma daidai lokacin da gidan ke samun kuɗinsa. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida na gida da waje suka yi ca. A ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran, tazarce ta mutu, Freedom kuwa ta fito daga rigimar da farin jinin da talla ba za ta iya saya mata ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka cewa kullum hukuma ce mai laifi, mai magana kuma mai gaskiya. Abin bai kai haka sauƙi ba. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafin shan inna a Kano. Kwanaki kaɗan kafin harin, wani shiri mai suna Sandar Girma a tashar Wazobia FM ta Kano ya yi magana a kan rigakafin ta hanyar da hukumomi suka ce ta tunzura jama'a. Aka kama ma'aikatan gidan aka kai su kotu, NBC ta dakatar da lasisin tashar na wani lokaci. Masu kare 'yan jarida sun ce babu hujjar da ta haɗa shirin da kisan, kuma an yi amfani da damar ne don a rufe baki. Ko ma wane ɓangare mutum ya ɗauka, abin ya girgiza duk wani mai riƙe makirufo a Arewa. Duniya kuma ba ta manta da Ruwanda ba, inda a 1994 wani gidan rediyo ya riƙa kiran sunayen mutane yana nuna wa makasa inda suke.

Shiri kai-tsaye ba shi da magogi. A manyan tashoshin ƙasashen waje akwai wata na'ura da ke riƙe murya na 'yan daƙiƙu, galibi bakwai, kafin ta fita iska, ta yadda idan mai kira ya yi ashar ko ƙazafi za a danna maɓalli a haɗiye maganar. Inda babu wannan na'ura, kunnen mai gabatarwa da yatsan mai kula da na'urori su ne kawai shinge. Idan ka taɓa jin an katse mai kira ana cewa layin ya samu matsala daidai lokacin da ya fara kama sunan wani, to ka san ba kullum ne laifin kamfanin waya ba.

Har yanzu ana wannan ja-in-ja. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga Naira 500,000 zuwa miliyan 5. A farkon 2022 NBC ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM. A watan Mayun 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara. A 2025 kuma gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye, tana mai cewa zage-zage sun yi yawa, 'yan jarida da 'yan adawa kuma suka ce toshe baki ne. A ganina sojojin baka da kansu suka miƙa wa hukuma sandar da ake dukansu da ita, amma idan sandar ta sauka ba ta tambayar wane ne ya yi zagi, wane ne ya zo da ƙorafin famfon unguwarsu.

Daga nan Kazaure

Har zuwa 27 ga Agustan 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, masarautar Kazaure cikin Jihar Kano take. Taswira ta canza, amma hanyar kasuwa da ta asibiti da ta makaranta har yanzu ta Ɗambatta take bi ta shiga Kano, kunnen mutane ma haka. Wannan ya jawo wani abu mai ban dariya: za ka samu matashi a Roni ya haddace sunayen sojojin bakan Kano da rigimar kowace jam'iyya a can, amma bai san sunan ɗan majalisar da ke wakiltarsa a Dutse ba. Gwamnan da ake zagi ko yabo a shirin ba shi ne zai gyara rufin ajinsa ba. Tashar Freedom ta Dutse da Rediyon Jigawa su ne suka fi kusa da ofisoshin da ke da alhakinmu, kuma ƙorafin da aka kai can ya fi saurin isa kunnen wanda ake nufi.

Ga masu son kimiyya, akwai dalilin da ya sa tasha kan fito tas a wani gari ta riƙa shashsheƙa a wani. Igiyar FM, wadda ke tsakanin mita 87.5 zuwa 108, tafiya take miƙe kamar hasken tocila daga saman doguwar hasumiya. Dutse na tare ta, nisa na raunana ta. Duwatsun da suka kewaye Kazaure da Roni na iya sa wanda ke bayan tsauni ya rasa abin da na kan tudu ke ji garau. Gajeren zango kuwa, wanda BBC da Rediyon Kaduna suka yi suna da shi, sama yake tafiya ya bugi wani rufi na sararin samaniya ya dawo ƙasa, shi ya sa yake ƙetare ƙasashe. Haka kuma wayar hannu ba ta kama FM sai an sa mata abin sauraro na kunne, domin wannan siririyar igiyar ita ce eriyarta.

Yau Freedom ba ita kaɗai ba ce a fage. Akwai Rahama da Express da Arewa Radio da Premier da Vision da wasu da dama, kowace na da filin siyasarta da na koke-koke. Shirye-shiryen ma sun fita daga akwatin rediyo sun hau Facebook da YouTube, inda ɗan Babura da ke ci-rani a Legas ko Saudiyya ke kallon ɗakin watsa shirin yana rubuta ra'ayinsa. Wannan ya sauya wani abu babba. A da maganar rediyo iska ce, ta wuce ta wuce. Yanzu ana naɗe ta, a yanko daƙiƙa talatin, a yi ta yawo da ita a WhatsApp shekara da shekaru, har ta iya zama shaida a gaban alƙali.

Idan ka yi niyyar kira, ka rage muryar rediyonka tukuna, in ba haka ba ƙara za ta cika iska a katse ka. Ka shirya abin da za ka faɗa kafin a ɗaga, domin minti ɗaya ko biyu ne rabonka, kada gaisuwa ta cinye shi. Ka zo da sunan wuri da lokaci da adadi: makarantar kaza, aji kaza, ɗalibai kaza a ɗaki ɗaya, rufin ya yaye tun daminar bara. Wakili na iya bin wannan ya tabbatar, jami'i kuma ba shi da inda zai ɓuya. Wanda ya ce shugabanni duk ɓarayi ne ya huce haushinsa, amma babu wanda zai tashi da safe ya gyara komai saboda maganarsa. Kuma abin da ba ka gani da idonka ba, ka ce ji ka yi. 'Yan mata musamman, ku lura da yawan muryoyin maza a layukan nan. Matsalar ruwa da ta asibitin haihuwa da ta makarantar 'yan mata ku kuka fi kowa saninta, amma sau da yawa wani ne ke faɗin ta a madadinku.

Mai sha'awar aikin kansa kuma ba sai ya jira jami'a ba. Ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, wadda ke karanta labarai a taron safe, ita ce matakin farko, kuma ƙa'idarta ɗaya ce da ta In Da Ranka: idan ɗalibai sun yi ƙorafi a kan abincin ɗakin cin abinci, a je a ji ta bakin mai kula da kicin kafin a hau mumbari. Bayan sakandare akwai sashen koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero, wadda ke da tasharta ta BUK FM inda ɗalibai ke gwada muryarsu, akwai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Gidan rediyo ba masu magana kaɗai yake ɗauka ba. Yana buƙatar mai haɗa sauti a kwamfuta, da injiniyan da zai hau hasumiya, da mai fassara labari daga Turanci zuwa Hausa cikin minti goma, da mai neman talla. Wanda ya koyi kwamfuta a nan Kazaure ya riga ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan.